Sandar Yaya Morris Ta Ƙi Rabuwa

Duk garinmu babu hancin da ya yi aiki kamar hancin yayana, Morris Beddoes. Ba wasa nake yi ba. Sandar fatsarsa ta gora ce, gaɓa biyu, ana haɗa su da wata 'yar mahaɗar tagulla, namijin ya shige cikin macen. Kafin ya haɗa, sai ya ɗauki namijin ya goga a gefen hancinsa, dama da hagu, yana juya shi a hankali har maiƙon fatarsa ya kama tagullar. Wannan ɗan maiƙon shi ke hana mahaɗar cijewa idan an tashi rabawa da yamma. Duk masu kamun kap, wani babban kifin tafki, na zamaninsa haka suke yi, amma shi ya mai da abin kamar ibada. Na sha gaya masa ga man girki a kicin, ga kyandir, ga man keken ɗinkina. Sai ya dube ni kamar na zagi iyayenmu.

"Mai yana jawo yashi, kyandir yana toshewa. Ke dai ki tsaya a kan tukunyarki, Hilda."

"To, Allah ya bar ka da hancinka," in ce masa.

Ƙuruciyarsa duka a masana'antar bulo ta bayan gari ta ƙare, yana zuba bulo a wuta yana kwashewa. Ramin da suka yi ta haƙa suna ɗibar yumɓu shi ne ya cika da ruwa ya zama kududdufin da yake kamun kifi. Yakan ce da hannunsa ya haƙa ruwan nan, saboda haka babu mai nuna masa inda kifi ke kwanciya. Da aka rufe masana'antar, abokan aikinsa wasu suka tare a mashaya, wasu aka kai su maƙabarta, shi kuwa ya tare a bakin ruwa.

Sandar da kansa ya haɗa ta, shekarar da ya auri Nora. Ya samo gora, ya tsaga, ya fere tsagi shida-shida, ya manne su da gam, ya ɗaure da zaren siliki, ya bi da man sheƙi. A kan teburin cin abinci ya yi aikin, amarya tana cin abincinta a tsaye a bakin murhu. Matar nan ta yi haƙuri, Allah ya ji ƙanta. Ni da tun a ranar farko na watsa masa gorar waje.

Kuma duk wannan wahalar, kifin ba ci yake yi ba. Ya wuni a zaune da dafaffen dankali a ƙugiya, wani makon ko motsi zaren ba ya yi. In ya dace ya kamo, sai ya cire ƙugiyar a hankali, ya shafa bayan kifin, ya sa hannu a ƙarƙashin cikinsa har ya dawo hayyacinsa, ya sake shi. Ya dawo gida hannu rabbana, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Ya shimfiɗa tsumma a tebur, ya goge kowace gaɓa, ya toshe bakin macen da ɗan katako don kada ƙura ta shiga, ya sa a jakar yadi, ya rataye a bayan ƙofar ɗakinsa. Dokokinsa kowa a gidan ya haddace su. Ba a murɗa sanda, ja ake yi a miƙe. Ba a jingina ta da bango. Ba a kwanar da ita a jiƙe. Lorna, 'yarsa tilo, tun tana rarrafe ta san akwai ƙofar da ba a bankawa da ƙarfi.

Bayan Nora ta rasu, ni ma nawa mijin ya riga ya tafi, sai na tattara komatsaina na dawo gidansa. Tsofaffi biyu, kullum faɗa a kan gishiri da buɗe taga. Amma muna zaune lafiya.

Abin ya fara ne daga kofin shayi. Na ji yana ƙara a kan faranti duk lokacin da ya ɗauka, don hannunsa ya fara rawa. Muka yi ta yi kamar ba mu ji ba, har sai da maɓallin riga ya fara gagararsa. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya ce ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓawa da magani. Yaya ya ce ya gode, ya sa hularsa, muka fito. A hanya bai yi maganar ciwon ba, sai cewa ya yi iskar yamma ce ke kaɗawa, kifi zai ci.

Sai kuma fatarsa ta bushe. Wata safiya na same shi a kicin yana goga tagullar a hancinsa, ya duba a hasken taga, ya sake gogawa, ya sake dubawa.

"Hilda, matso nan."

"In yi maka me?"

"Kawo hancinki."

"Hancin wa? Yaya, kanka ɗaya kuwa?"

Kafin in ja da baya ya riga ya manna mini ƙarfen nan mai sanyi. Ya goga, ya ɗaga, ya duba, ya yi tsaki.

"Ke ma kin bushe. Sai hoda."

"Na haura saba'in, me kake so in tatso maka?"

Muka yi dariya har da tari. Ni dai dariyar ba ta kai cikina ba, don na ga yadda ƙarfen ke rawa a hannunsa.

Idan mahaɗa ta cije, suna da dabararsu. Mutum ya sa sandar a bayan gwiwoyinsa, ya ɗan tsuguna, ya riƙe kowane ɓangare ta wajen gwiwa, ya buɗa ƙafafu, ƙarfin cinya ya raba ta. A ƙarshen kakar shekarar nan haka ya yi a bakin kududdufi. Ta ƙi, ta ƙi, sai ta saki gaba ɗaya. Ya tafi da baya, ya gangara, haƙarƙarinsa ya bugi wani tsohon bulo. Yana nan kwance har wata mata mai yawo da kare ta tsince shi. Ta ce da ta iso, abin da ya fara roƙonta shi ne ta ɗauke sandar daga cikin ciyawa, akwai raɓa.

Lorna ta taso daga garin Wolverhampton a fusace, ita da mijinta Derek. Derek makaniki ne, mutumin kirki, irin wanda ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce. Ko gaisuwa ya zo sai ya ɗaure mana ƙafar kujera kafin ya tafi.

"Baba, ya isa haka," in ji Lorna, tana tsaye a bakin gadonsa. "Ɗaki na nan a gidanmu, mun gyara maka. Ba zan zauna ina jiran waya a ce an tsamo ka daga ruwa ba."

"Akwai ruwa kusa da ku?"

"Akwai famfo, Baba," in ji Derek. Babu wanda ya taya shi dariya, ya sunkuyar da kai.

Yaya ya yunƙura ya tashi zaune, yana dafe da haƙarƙari.

"Ki ji nan, Lorna. Ranar da na kasa raba sandata da hannuna, ni da kaina zan kira ki, in ce ki zo ki ɗauke ni. Kafin wannan ranar, kada wanda ya ƙara yi mini maganar ɗaki."

Lorna ta san ubanta. In ya faɗi magana, ko za ta kashe shi sai ya cika ta. Ta share hawaye ta ce ta yarda. Ni kuwa gabana ya faɗi, don na san ranar da aka raba mutumin nan da bakin ruwa, saura kawai a tona rami.

Hunturu ya wuce, watannin da ake hana kamun kifi suka wuce, tsakiyar Yuni ta zo aka buɗe. Ya ci gaba da hawa bas ɗin safe da jakarsa da filas ɗin shayi, ya dawo da yamma. Kududdufin da nisa, ga tudu, ba tafiyar ƙafar tsoho ba ce. Na ga yana ci yana barci, hankalina ya ɗan kwanta.

Sai na nemi sanduna biyu daga cikin waɗanda na kafa wa wakena a bayan gida na rasa. Na ɗora wa maƙwabcinmu, har na daina amsa gaisuwarsa. Daga baya na lura Yaya ya daina shimfiɗa tsumma a tebur. Yana shigowa sai ya wuce ɗaki da jakar, ya fito ya ce me aka dafa. Na yi ta juya abin a raina har farkon Satumba. Wata yamma yana banɗaki, na shiga na sauke jakar, na kwance bakinta. Sandunan wakena ne, har da busasshiyar ƙasa a gindinsu. Na tsaya riƙe da su, na rasa ko in yi ihu ko in zauna a ƙasa.

Washegari na bar shi ya tafi, na bi bayansa da sandunan waken a hannuna. Bas ɗin ɗaya ce, kai da komo take yi, direban kuma Gurdip ne, ya san mu sarai.

"Mama, yau ke ce a hanyar kududdufi? Don Allah ki ƙara ba Baba haƙuri a kan abin nan na rannan."

"Wane abu?"

"Ai tun watan Yuni ne. Na iso da yamma na same shi a tsaye da sanda a haɗe, ta kai ƙafa goma. Wallahi ba ta shiga bas, ko ta shiga ma ba a yarda ba. Na ce ya kawo in raba masa, ya ce a'a, in yi tafiyata. Da na zagayo sai na gan shi da jaka kawai. Har yau abin na damuna."

Na ce masa ba komai, ba laifinsa ba ne.

Na same shi a wurin zamansa, ƙarƙashin bishiyar da ta sunkuya kan ruwa. Bai ji isowata ba. Sandar na kwance a kan matokaranta, kuma da na dube ta sai da na dafe ƙirji. Man sheƙin ya tsattsage, baƙin tabo ya bi jikinta, zaren ɗaurin ya yi kore, kan ya karkata gefe guda. Sandar da aka hana mu ko jingina ta da bango.

Na jefa masa sandunan wake a gabansa.

"Ga kayan kamun kifinka, ka manta su a gida."

Ya dube su, ya dube ni. Bai ko ji kunya ba, gajiya kawai na gani a fuskarsa.

"Rage murya, Hilda, za ki kori kifi."

"Kifin banza kifin wofi! Ina take kwana?"

Ya nuna shingen ƙaya da ke bayansa da haɓa.

"A cikin shinge? Cikin ruwan saman nan da aka yi ta yi? Kai da bakinka ka ce ba a kwanar da ita a jiƙe!"

"Na sani."

"To me ya hana ka ba wani ya ja maka? Ga maza nan suna zuwa kullum."

"Da hannuna na ce."

"Ai kuwa ka kasa. Tun Yuni ya kamata ka kira yarinyar nan."

"Ban kasa ba," in ji shi a hankali. "Ban gama gwadawa ba ne. Kowace yamma ina gwadawa."

Na zauna a kan akwatin kayan fatsarsa. Haushi nake ji, tausayi nake ji, duk sun cakuɗe.

Da yamma ta yi ya naɗe zarensa, ya ce in tashi, akwai wata dabara ta mutum biyu. Mu fuskanci juna, kowa ya sa hannu ɗaya a wannan ɓangaren, ɗaya a wancan, a ja tare.

"Ba ka ce da hannunka ba?"

"Ai hannuna yana kan sandar. Ke kuma ba wani ba ce, Hilda ce kawai."

"Na gode da wannan girmamawa."

"Kada ki murɗa. Ja za ki yi a miƙe."

Muka ja. Yatsuna da ciwon gaɓɓai ya kanannaɗe, nasa da ke rawa, muka yi ta nishi muna numfashi a fuskar juna. Hannuna ya zame, nasa ya zame. Muka goge a riga, muka sake. Ruwa ya riga ya shiga tsakanin tagullar, ta yi kore ta kama kanta kam. Ko gezau ba ta yi ba. A ƙarshe ya ce in bari, kada mu rasa bas. Na tsaya ina kallo ya durƙusa da ƙyar, ya tura sandar cikin shinge a hankali, ƙaya na yagar bayan hannunsa. Ya ɗauki sandunan wakena ya mayar a jaka.

Daga ranar na riƙa bin sa. Na kawo tsohuwar ledar tebur na naɗe sandar da ita, washegari muka tarar ta yi gumi a ciki, gara ma da ba a naɗe ba. Na ce mu nemi mota mu kai ta gida. Ya ce rufin gidanmu bai kai tsawonta ba, kuma Lorna na zuwa kowace Lahadi, a ina za a ɓoye abu mai ƙafa goma? Haka kuwa take zuwa, da tuffa da magunguna, ta leƙa bayan ƙofa ta ga jaka a rataye.

"Baba, yaya sanda?"

"Tana nan," ya ce. Ba ya ƙara ko kalma ɗaya a kai, don shi a ganinsa bai yi ƙarya ba.

"Gwaggo, kina dai lura da shi ko?"

"Ina lura," in ce, in tashi in ɗora ruwan shayi.

A raina na san inda abin zai ƙare. Kowace safiya in ya zaro ta daga shinge sai ya bi jikinta da babban yatsa, ya tsaya a wani wuri, ya danna. Gam ɗin da ya riƙe tsagin nan tun aurensa yana sakewa. Ya fi kowa sani. Da idonsa yake kallon abin da ya fi so yana ruɓewa, don kawai a bar shi ya ƙara wuni ɗaya a bakin ruwa.

Cikin Oktoba, wata rana da hantsi, ina saƙa a gefensa, sai zaren ya miƙe. Ya tashi da saurin da na ɗauka ya daɗe da barinsa, ya ɗaga sandar, ta lanƙwashe. Ruwa ya yi wani irin juyi can tsakiya, na hango bayan kifin, faffaɗa, ruwan zuma. Na yar da saƙata.

"Yaya, riƙe shi! Riƙe shi!"

"Yi mini shiru!"

Fuskarsa ta haskaka, har rawar hannun kamar ta lafa. Kifin ya ja ya nufi cikin ciyawar ruwa, shi kuma ya danne don ya juyo da shi. Ban ji ƙarar karyewa ba. Wani ɗan sauti kawai na ji kamar ana yaga tsohon zane. Ɓangaren sama ya buɗe tsagi-tsagi kamar tsintsiya, na ƙasa ma ya bi shi. Zaren ya goga a bakin tsagin ya tsinke. Ruwa ya kwanta.

Ya daɗe a tsaye da abin a hannu. Ko'ina ya tarwatse, sai mahaɗar nan kaɗai, tana nan daram a cije. Na so in zage ta, na so in zagi wanda ya ƙera ta.

"Ba ni wuƙa, Hilda."

Ya zauna ya yi ta gurzawa har ya yanke gorar ta kowane gefe, ya bar kamar tsawon tafin hannu a jikin tagullar. Ya sa a aljihun kwat. Sauran ya tattara ya ɗaure da guntun zare, ya tura ƙarƙashin shinge. Muna shiga gida, ko takalmi bai cire ba, ya nufi wayar da ke zaure. Sai da ya yi ta kuskuren lamba kafin ya samu.

"Lorna, ni ne. Sandar ta mutu ban raba ta ba. Ki zo ki ɗauke ni."

Ɗakin da suka gyara masa ba laifi, akwai ɗumi, akwai kujera mai laushi. Tagar tana kallon bangon garejin Derek. Ranar da aka kai shi, kafin ya zauna, ya zaro guntun nan daga aljihu ya ɗaga.

"Akwai sauran gora a saman rufin gida, tun ta wancan lokacin. Mahaɗa ce ke da wuyar samu irin wannan. Ranar da na raba ta da hannuna, za ki mayar da ni gida in haɗa wata. Kin ji, Lorna?"

"To, Baba," in ji Lorna, da irin muryar da ake lallashin mara lafiya. Ta dube ni, na kau da kai.

Mutumin da cokali ke gagararsa, shi ne zai fere gora tsagi shida? Ni na san babu wannan ranar, Lorna ma ta sani. Amma abin da ban zata ba shi ne yadda guntun ƙarfen nan ya riƙe shi. Kowane mako nakan hau bas biyu in je, in same shi a aske, da riga mai tsabta. Ya sa an sayo masa ƙwallon roba yana matsawa don yatsu su yi ƙarfi. Yana cinye abincinsa tas, wai ƙarfi yake tarawa. Kowace safiya bayan ya sha magani, lokacin da rawar ke ɗan lafawa, sai ya zauna a bakin gado, ya sa guntun a bayan gwiwa, ya ja har jijiyoyin wuyansa su tashi. Ya huta, ya sake.

"Jiya na ji kamar ta motsa, Hilda."

"Allah ya sa."

"Ba ki yarda ba ko? Ke dama tun kina yarinya haka kike, baƙin baki."

"Kai kuma taurin kai, har kabari."

Haka muka ci hunturun. Har na fara cewa a raina, to, in dai wannan zai tashe shi kowace safiya, Allah ya sa kada ta taɓa rabuwa.

Wata Asabar cikin bazara na je na tarar Lorna ta kai shi ganin likita. Derek ne ya buɗe mini, hannunsa duk baƙin mai, yana ta fara'a. Ya haɗa mini shayi, ya ce in jira, akwai abin mamaki. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka wani abu ya gyara a kicin.

Suka dawo. Lorna ta zaunar da Yaya a kujerarsa, ta cire masa hula. Ya kai hannu kan ɗan teburin gefen gado, ya shafa, ya sake shafawa.

"Ina abina?"

Derek ya shigo da faranti a hannu, an rufe da adiko. Ya ajiye a cinyar Yaya, ya yaye. Guntaye biyu ne a kwance gefe da gefe, tagullar na walƙiya kamar yau aka ƙera ta.

"Ga shi, Baba. Kullum ina jin nishinka ta bango, raina ba ya so. Na ɗaure ta a ƙarfen matsi na gareji, na ɗan gasa da wuta, nan da nan ta saki. Na kuma bi namijin da takardar yashi sosai, yadda ba za ta ƙara cije maka ba har abada."

Lorna ta ce, "Derek," a hankali, ta rufe baki da hannu. Shi bawan Allah ya dube ta, ya dube ni, fara'arsa ta fara gushewa. Da zuciya ɗaya ya yi. Wallahi da mugunta ce da na ji sauƙi, da na sami wanda zan zazzage wa abin da ke cikina.

Na yi maza na ce, "To ai shi ke nan, Yaya. Haɗa ka raba a gabansu da hannunka, mu tafi gida."

Ya ɗauki guntayen, hannu na rawa, ya yi ta auna baki da baki har namijin ya shige. Ya riƙe ɓangare ɗaya, ya juyar da shi ƙasa. Ɗayan ya zame da kansa, ya faɗi a kan kafet, ya gangara ƙarƙashin gado. Mahaɗar da ba ta kamawa ba ta riƙe sanda, ko ni na san wannan.

Derek ya durƙusa zai ɗauko.

"Bar shi, ɗana," in ji Yaya. "Ka yi ƙoƙari. Allah ya yi maka albarka."

Ya ajiye ɗayan a faranti, ya miƙa wa Lorna. Aka kawo abinci ya ce ba ya jin yunwa. Na zauna da shi har la'asar, na yi ta surutu, labarin maƙwabta, labarin coci, har tsokanarsa na yi don ya rama. Bai rama ba. Hannayensa na kan cinyarsa suna ta rawa, ko danne ɗaya da ɗaya bai yi ba.

Da na tashi tafiya na sa kwat ɗina, na ce, "To Yaya, sai mako mai zuwa."

Bai ɗago ba.

"Ki daina wahalar da kanki da bas biyu, Hilda. Babu abin da za ki zo ki gani."